Ƙiba da Tsananin Cutar Korona: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A watan Afrilun 2020, watanni huɗu kacal bayan ɓullar cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin, likitocin asibitin jami'a da ke birnin Lille na Faransa sun ƙirga marasa lafiyar da cutar ta kwantar a sashensu na kulawa ta musamman. Mutum 124 ne, kuma kusan rabinsu masu ƙiba ne. Da suka ware waɗanda numfashinsu ya gaza har sai da aka zura musu bututu a maƙogwaro aka jona su da na'ura, sai suka tarar cewa mai ƙiba sosai ya fi mai matsakaicin jiki yiwuwar kaiwa wannan matsayi da kusan ninki bakwai. A cikin waɗannan makonni ne kuma likitocin wani babban asibiti a New York suka lura da abin da ya ɗaure musu kai. An riga an shaida wa duniya cewa tsofaffi korona take kayarwa, amma ga mutanen da ba su kai shekara 60 ba ana ta shigo da su suna haki, kuma abin da da yawansu suka yi tarayya a kai shi ne nauyin jiki. A lissafin likitocin, ɗan ƙasa da shekara 60 mai ƙiba ya ninka tsaransa marar ƙiba wajen yiwuwar a ba shi gado.

Tun daga wannan lokaci hujjoji suka yi ta taruwa, har ta kai yau da wuya a sami masanin da zai musa cewa ƙiba tana ƙara wa korona tsanani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda aka yi da wannan gaskiya bayan an gano ta. A ganina an karanta alƙaluman daidai, amma an aika saƙon ga wanda ya fi kowa ƙarancin abin yi, kuma a lokacin da saƙon ba zai amfane shi ba. An juya ga mutum guda da ke zaune cikin fargaba a tsakiyar annoba ana ce masa ya rage ƙiba, alhali gwamnatoci da hukumomin lafiya, waɗanda suke da ikon kare shi a wannan rana, suke kuma da ikon rage yawan irinsa a shekaru masu zuwa, sun ɗan motsa kaɗan sannan suka koma barcinsu. Sai dai wannan hukunci ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai an fahimci abin da ake nufi da ƙiba da abin da take yi wa jikin da ƙwayar cutar ta shiga.

Ma'aunin da likitoci suka fi amfani da shi, wanda ake kira BMI, lissafi ne mai sauƙi: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon. Daga 25 mutum ya wuce nauyin da ya dace da shi, daga 30 ya shiga ƙiba, daga 40 kuma ya kai ƙiba mai tsanani. Mutumin da tsawonsa mita 1.70 ne yana shiga sahun masu ƙiba da zarar ya kai kilo 87, kuma da yawa daga cikin masu wannan nauyi ba sa kallon kansu a haka, iyaka su ce sun ɗan yi jiki ko sun ajiye teɓa. Asalin lissafin na wani masani ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, wanda ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 domin nazarin jama'a a dunƙule, shi ya sa yake da rauni idan aka ɗora shi a kan mutum ɗaya: ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya kuma faɗin inda kitsen ya taru. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne, domin kitsen da ke can cikin ciki, wanda ya lulluɓe hanji da hanta, ya fi na ƙarƙashin fatar cinya ɓarna nesa ba kusa ba. Duk da haka, idan ana maganar miliyoyin mutane, ma'aunin yana nuna hanya.

A watan Agustan 2020 Barry Popkin na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike 75 daga ƙasashe daban-daban, waɗanda suka shafi marasa lafiya kusan 400,000. Sun gano cewa ƙiba tana ƙara yiwuwar kwanciya a asibiti da kashi 113 cikin ɗari, wato fiye da ninki biyu, tana ƙara yiwuwar shiga sashen kulawa ta musamman da kashi 74, yiwuwar mutuwa kuma da kashi 48. Wani binciken da ya fi wannan girma, wanda ya bi bayanan lafiyar mutum miliyan 6.9 a Ingila aka kuma wallafa shi a 2021, ya fito da abubuwa biyu da nake ganin ba a ba su kulawar da ta kamata ba. Na farko, haɗarin ba ya jira sai mutum ya taka lamba 30, yana fara hawa ne tun daga wajen 23, ya ci gaba da hawa taki-taki kamar matakalar bene. Na biyu, tasirin ƙiba ya fi ƙarfi a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 39, yana raguwa da manyanta, har ya kusa ɓacewa a wajen waɗanda suka haura 80. Ke nan ƙiba tana ƙwace wa matashi wani ɓangare na kariyar da ƙuruciyarsa ta ba shi. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka rame ƙwarai su ma suna cikin ƙarin haɗari, abin da ya kamata masu yi wa kowane kilo kallon abokin gaba su riƙe a ransu.

Abin takaici shi ne babu sabon labari a nan. A annobar murar aladu ta 2009 likitoci sun ba da rahoton cewa masu ƙiba mai tsanani sun yi yawa a cikin waɗanda aka kwantar da waɗanda suka rasu, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sanya su a jerin mutanen da mura ke iya yi wa mummunar illa. An sami shekara goma sha ɗaya cur tsakanin wancan gargaɗi da zuwan korona.

Hanya ta farko da ƙiba take bi ta tsananta cutar ba ta buƙatar karatun likitanci kafin a gane ta. Wanda yake son ya ji ta a jikinsa ya kwanta rigingine, ya ɗora wani abu mai nauyin kilo goma a kan cikinsa, sannan ya gwada jan dogon numfashi. A ƙasan huhu akwai wata faffaɗar tsoka da ta raba ƙirji da ciki, kuma duk lokacin da mutum ya ja numfashi tsokar tana sauka ƙasa ta buɗe wa huhu wuri. Idan ciki ya cika da kitse yana tura ta sama, musamman a kwance, sai ƙananan jakunkunan iska da ke ƙasan huhu su motse su rufe, jini ya riƙa ratsa su yana wucewa ba tare da ya ɗauki iskar oksijin ba. Kitsen da ke kan ƙirji shi ma yana danne haƙarƙari, ga shi kuma babban jiki ya fi ƙarami buƙatar iskar tun asali. Mai lafiya yana jure duk wannan, iyaka ya yi haki idan ya hau bene ko ya yi minshari da dare. To amma korona mai tsanani ciwon huhu ce, tana cika waɗannan jakunkuna da ruwa da matattun ƙwayoyin jiki. Mutumin da yake da rarar numfashi zai iya rasa wani kaso na aikin huhunsa ya yi jinyarsa a kan gadon gidansa, wanda kuwa ya riga ya cinye rararsa tun kafin cutar ta zo, ɗan abin da ta taɓa ya isa ya kai shi asibiti.

Idan ya isa asibitin ma, kowane aiki a kansa ya fi wahala. Ɗaya daga cikin dabarun da suka ceci rayuka a wannan annoba ita ce kifa marar lafiya rub da ciki na tsawon sa'o'i goma sha shida ko fiye a rana, domin bayan huhu ya buɗe. Sai dai juya mutumin da aka sa barci, da bututu a maƙogwaro da robobin ƙarin ruwa a wuya da hannu, aiki ne na mutum biyar ko fiye: ɗaya yana tsaye a wajen kai riƙe da bututun kada ya zame, sauran sun jeru a gefe biyu sun damƙe zanen gado, a ƙirga ɗaya, biyu, uku kafin a juya, kowa cikin rigar kariya yana zufa. Idan marar lafiyar ya kai kilo 130 sai an ƙaro hannuwa, kuma a daren da ma'aikaciyar jinya ɗaya take kula da gadaje uku ko huɗu maimakon ɗaya, hannuwan nan ba sa samuwa a banza. Zura bututun kansa ya fi wahala idan wuya gajere ne mai kauri, kuma iskar da ke jinin mai ƙiba tana faɗuwa da sauri a 'yan daƙiƙun da ake ƙoƙarin zurawa. Neman jijiya yana cin lokaci, hoton ƙirji ba ya fita tas, ɗamarar awon jini idan ta yi wa damtse kaɗan tana ba da lambar da ta fi ta gaskiya, sannan gadaje da na'urorin ɗaukar hoto suna da iyakar nauyin da za su iya ɗauka. Na tsaya a nan da gangan, domin wani kaso na ƙarin haɗarin da ake jingina wa jikin marar lafiya, idan aka duba da kyau, na asibitin ne da ba a shirya shi domin irin wannan jiki ba.

Hanya ta biyu a ɓoye take cikin jini. An daɗe ana ɗaukar kitse a matsayin rumbun ajiya kawai, har zuwa 1994 da Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano sinadarin leptin, wanda kitse ke fitarwa yana aika wa ƙwaƙwalwa saƙo game da yunwa da ƙoshi. Daga nan aka ƙara fahimtar cewa kitse gaɓa ce mai aiki, wadda take magana da sauran jiki dare da rana. Idan ya yi yawa, ƙwayoyinsa suna kumbura, wasu su mutu, ƙwayoyin garkuwar jiki su yi dafifi a kansu suna sakin sinadaran da ke hura kumburi, irin su wanda ake kira IL-6. Sai ya zamana jikin mai ƙiba yana zaune cikin wani ɗan kumburi na dindindin da ba ya jin zafinsa, kamar garwashin da toka ta rufe. Illar wannan ta fuska biyu ce. A kwanakin farko na kamuwa, lokacin da ake son garkuwa ta yi wuf ta tare ƙwayar cutar, garkuwar da ta gaji da faɗan banza tana yin nawa. A mako na biyu kuwa, wanda a cikinsa ne yawancin masu tsananin cutar suke rikicewa, matsalar ita ce garkuwa ta wuce gona da iri tana ɓarnata huhun da take karewa, kuma wuta ta fi saurin tashi inda da ma akwai garwashi. Ba banza ba magungunan da suka rage mace-mace a wannan mataki suka kasance masu kwantar da garkuwa: dexamethasone, wanda babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 cewa yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, da tocilizumab, wanda ke toshe hanyar IL-6 ɗin nan. Masu bincike a Jami'ar Stanford ma sun nuna a 2022 cewa ƙwayar korona tana iya shiga kitsen kansa, ta kama ƙwayoyinsa da ƙwayoyin garkuwar da ke zaune a cikinsa.

A kan waɗannan sai a ƙara daskarewar jini. Korona tana sa jini ya yi gudaji a jijiyoyi, har da ƙananan jijiyoyin huhu, ƙiba kuma da ma tana ƙara wannan haɗari. Sannan ƙiba ba kasafai take tafiya ita kaɗai ba, ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya da na ƙoda suna biye da ita, kowannensu kuma yana da nasa kason a tsananin cutar. Har maganin ceton ma yana da nasa ƙalubalen, domin dexamethasone yana ɗaga sugan jini, sai likita ya koma yana gyara abin da maganin ya tayar.

Duk da wannan, ba na tare da masu zuzutawa. A watan Maris na 2021 CDC ta fitar da rahoton da jaridu suka yi ta yayatawa, cewa kusan kashi 78 cikin ɗari na waɗanda korona ta kwantar a asibitocin da aka bincika masu ƙiba ne ko masu nauyin da ya wuce kima. Lambar tana da ban tsoro, har sai an tuna cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na baligan Amurka gaba ɗaya suna cikin wannan rukuni. Abin da ke da ma'ana a rahoton shi ne yadda haɗarin yake hawa da hawan nauyi, amma wannan bai yi wa kanun labarai daɗi ba. A wannan watan ne kuma Tarayyar Ƙungiyoyin Yaƙi da Ƙiba ta Duniya ta ce miliyan 2.2 daga cikin mutum miliyan 2.5 da korona ta kashe zuwa lokacin sun mutu ne a ƙasashen da fiye da rabin manyansu suka wuce nauyin da ya dace. Lissafin daidai ne, sai dai yawancin waɗannan ƙasashe su ne kuma suka fi yawan tsofaffi, su ne suka fi ƙarfin yin gwaji da rubuta sanadin mutuwa, saboda haka ba a iya ɗora wa ƙiba bambancin gaba ɗaya. Binciken OpenSAFELY, wanda ya duba bayanan manya miliyan 17 a Ingila, ya ajiye kowane abu a mazauninsa: ƙiba mai tsanani tana kusan ninka haɗarin mutuwa, amma wanda ya haura shekara 80 ya fi ɗan shekara hamsin da wani abu haɗari fiye da sau 20. Tsufa ne babban, ƙiba tana biye a cikin manyan na baya, bambancinta da tsufa shi ne ita ana iya taɓa ta.

Akwai kuma tambayar da mai hankali zai yi: shin ƙibar ce da kanta take jawo tsananin, ko kuwa tana tafiya ne tare da talauci da cunkoson gida da aikin da ba a iya yin sa daga ɗaki, waɗanda su ne ainihin masu laifin? A ƙasashe masu arziki ƙiba ta fi yawa a tsakanin marasa ƙarfi, don haka tambayar tana da tushe. Amma hujjoji iri uku sun sa na gamsu cewa ƙibar tana da hannu kai tsaye. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa waɗanda suka gaji halittar saurin ƙiba sun fi faɗawa cikin korona mai tsanani, gado kuwa ba ya tambayar aljihu. A Cleveland Clinic ta Amurka an kwatanta waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba shekaru kafin annobar da takwarorinsu da ba a yi wa ba, aka tarar haɗarin tsananin cutar ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari a wajen na farkon. Na ukun ya zo ne bisa katari: annobar ta riski wani babban gwaji na semaglutide, maganin da ke rage ƙiba, a kan mutum fiye da 17,000 masu nauyi da ciwon zuciya, kuma ko da yake masu karɓar maganin sun kamu da korona daidai da masu karɓar na bogi, mutuwarsu da cutar ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

To me aka yi da wannan sani? Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Birtaniya. A farkon Afrilun 2020 aka kwantar da Firaminista Boris Johnson a asibitin St Thomas da ke Landan, ya kwana uku a sashen kulawa ta musamman, kuma bayan ya warke ya fito ya amsa da bakinsa cewa nauyinsa ya yi yawa lokacin da cutar ta kama shi. A ƙarshen Yuli gwamnatinsa ta ƙaddamar da shirin yaƙi da ƙiba, wanda ya ƙunshi hana tallar abinci mai yawan maiƙo da suga da gishiri a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare, da hana garaɓasar sayi ɗaya a ba ka ɗaya a kan irin wannan abinci, da kira ga jama'a su rage nauyi domin su sauƙaƙa wa asibitoci. Mako guda bayan haka, a watan Agusta, gwamnatin nan dai ta fara biyan rabin kuɗin abincin duk wanda ya je gidan cin abinci daga Litinin zuwa Laraba, har fam 10 ga kowane mutum, kuma manyan kamfanonin abincin gaggawa suna cikin waɗanda suka ci moriyar shirin. Ban san wata hanya da ta fi wannan nuna yadda ake ba da umarni da baki a janye shi da hannu ba.

Kiran a rage nauyi a tsakiyar annoba shi ne abin da na fi ƙi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin nan mai tsawon mita 1.70, idan yana kan lamba 40, nauyinsa kilo 116 ne, kuma kafin ya sauko bakin 30 sai ya zubar da kilo 29. Ko da yana rage kilo guda kowane mako ba fashi, wanda shi ne ƙarshen saurin da likitoci suka saba yarda da shi, yana buƙatar kusan wata bakwai, alhali guguwar cutar tana ratsa gari cikin makonni. Jiki kuma ba ya sakin kitse cikin daɗin rai: da zarar nauyi ya fara sauka, leptin yana raguwa, yunwa ta ƙaru, jiki ya rage ƙona abinci, shi ya sa mafi yawan masu rage ƙiba ta hanyar ƙwauron baki kaɗai suke mayar da ita bayan 'yan shekaru. A daidai lokacin da ake wannan kira an kulle mutane a gida, an rufe filayen wasa da wuraren motsa jiki, an ɗage tiyatar rage ƙiba a asibitoci da yawa saboda ba ta gaggawa ba ce. Abin da kiran ya haifar a zahiri shi ne ya ba masu gori lasisi. An ji masu cewa me zai sa a kulle kowa saboda waɗanda suka kasa kame bakinsu, kamar dai mutuwar mai ƙiba rabin mutuwa ce. Wannan gori yana da farashi a asibiti, domin an daɗe da sanin cewa wanda ya saba jin kowane ciwo nasa an mayar da shi maganar ƙiba yana jinkirin zuwa ganin likita, jinkiri kuwa a cutar da ke iya zubar da iskar jini ba tare da mai ita ya ji ba yana iya zama ajali.

Abin da ya dace a ranar annoba a bayyane yake, kuma na hukuma ne. Idan an san wani rukuni ya fi shiga haɗari, a sa shi a gaba a layin kariya. Birtaniya ta yi daidai da ta sanya masu lamba 40 zuwa sama a cikin waɗanda za a fara yi wa allurar riga-kafi ko da ba su tsufa ba, kuma bincike a Ingila ya tabbatar cewa allurar tana kare masu ƙiba daga kwanciya da mutuwa sosai. Amma kariyar tana da sharaɗi: tun shekarun 1980 aka lura cewa riga-kafin ciwon hanta nau'in B ba ya kamawa da ƙarfi a jikin masu ƙiba, kuma wani bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya haɗa da mutum fiye da miliyan 3.5 a Sikotland, ya nuna masu ƙiba mai tsanani da aka yi wa allurar korona sun fi masu matsakaicin jiki haɗarin tsananin cutar da kashi 76 cikin ɗari, kuma kariyarsu ta fi saurin dusashewa. Amsar wannan ita ce a riƙa kiransu allurar ƙari da wuri, a ba su magungunan kashe ƙwayar cutar a kwanakin farko kafin huhu ya taɓu, a tanadi gadaje da ɗamarar awo da na'urorin ɗaga marar lafiya da suka dace da su, a kuma tabbatar an sa isassunsu a gwajin kowane sabon riga-kafi. Babu ɗaya a cikin waɗannan da yake buƙatar marar lafiya ya fara neman gafara saboda jikinsa.

Ba ina cewa mutum ba shi da abin yi ba ne. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kawai yana sauke hawan jini da suga a wajen mutane da yawa, motsa jiki a kai a kai yana ƙarfafa zuciya da huhu ko da sikeli bai motsa ba, kuma mai ƙibar da ya san matsayin sugansa da jininsa ya riƙe su da magani ya fi wanda bai taɓa aunawa ba tsaro. Duk likitan da ya ɓoye wa marar lafiyarsa wannan saboda kunya ya cuce shi. Amma a duba girman lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 manya biliyan 2.5 ne suka wuce nauyin da ya dace, miliyan 890 daga cikinsu masu ƙiba, kuma kason manya masu ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Halittar ɗan Adam ba ta sauya a cikin shekara talatin ba, kuma ba zan yarda cewa mutanen nahiyoyi duka sun wayi gari tare sun rasa kamun kai ba. Abin da ya sauya shi ne abin da ke kewaye da su: abincin da aka sarrafa a masana'anta da lemon kwalba sun yi arha sun kai ko'ina, ana tallarsu ga yara da kuɗi masu yawa, aiki ya koma na zama, birane kuma an gina su domin mota. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsaga an shekara talatin ana kallonta tana faɗi.

Wasu ƙasashe sun gwada taɓa tushen. Meziko, wadda ke cikin ƙasashen da ƙiba da ciwon suga suka fi yi wa katutu, wadda kuma korona ta kashe wa masu matsakaicin shekaru da yawa, ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace litar abin sha mai suga a 2014, a watan Oktoban 2020 kuma ta tilasta manna baƙaƙen tambarin gargaɗi a gaban kunshin abinci, tana bin sawun Chile da ta fara a 2016. Jihar Oaxaca ta ƙasar ta hana sayar wa yara irin waɗannan kaya a watan Agustan 2020, annobar tana tsaka. Harajin da Birtaniya ta sa a kan lemo mai suga a 2018 ya sa kamfanoni da yawa sun rage sugan da ke kayansu tun kafin ya fara aiki. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ya isa shi kaɗai, kuma amfaninsu a sikeli yana zuwa a hankali, shi ya sa ɗan siyasar da ke kallon zaɓe mai zuwa ba ya ɗokinsu. Ni dai ina ganin mazauninsu yana cikin shirin tunkarar annoba, kusa da tanadin takunkumi da iskar oksijin da masana'antar riga-kafi, domin yawan gadajen da ƙasa za ta buƙata a annobar numfashi ta gaba ana yanke shi ne tun yanzu, a kantuna da makarantu da allon talabijin.

Shirin da Johnson ya ƙaddamar bayan fitowarsa daga asibiti ya sha jinkiri. A watan Mayun 2022 gwamnatinsa da kanta ta ɗage hana garaɓasar da hana tallar, tana kafa hujja da tsadar rayuwa, waɗanda suka gaje shi kuma suka sake ɗagewa. Ranar 5 ga Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya, dokar hana tallar da aka yi alkawari a Yulin 2020 ba ta fara aiki ba.